Corolla ta 2002 zuwa 2007: har yanzu ita ce jakin Damagaram

Tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, motar da a da ake saukewa a Kwatano ta shigo ta Gaya, yanzu sai ta zagayo ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta yi nisa, kuɗin rakiya ya ƙaru, duk a kan mai saye yake ƙarewa. Shi ya sa mai neman mota a Damagaram ya koma leƙen ta hannu, wadda ta riga ta sha rana a gari. A cikin irin waɗannan, Toyota Corolla ƙirar 2002 zuwa 2007 ba ta da tsara.

Injinta na fetur da aka fi sani iri uku ne: 1.4 da 1.6 ƴan Turai, sai 1.8 wadda galibi ƴar Amurka ce. Duka ukun sarƙa gare su, ba bel ba, don haka babu fargabar tsinkewar bel a tsakiyar daji. Mai 1.6 da giyar hannu ita ce daidai. Tana shan lita 7 zuwa 8 a kilomita 100 in ba a taka ta da hauka ba. A Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. A wannan lissafi, kuɗin fetur na tafiyar Kano ta Matamaye, wajen kilomita 240, bai kai jaka goma ba. Mai gazuwal kuwa, wadda aka rubuta wa D-4D, a bar ta inda aka gan ta. Allurorin manta ba sa jure datti, gyaransu kuma akwai tsada.

Babban aibinta shan baƙin mai, musamman waɗanda aka ƙera kafin 2005. Ramukan da mai ke komawa ta cikin fistan ƙanana ne, suna toshewa, zobban su daskare, mai ya riƙa ƙonewa tare da fetur. Kafin a biya, a je wurin motar da sassafe injin na sanyi. A zaro sandar awon mai a duba, a tayar, wani ya taka totur, kai kuma ka tsaya baya kana kallon salansa. In hayaƙi ya fito shuɗi-shuɗi, ko ka sa yatsa a bakin salansar ya fito da maiƙo, to injin na neman buɗewa. A kwance fulogi ɗaya ma a gani. Dillali zai ce ai duk Toyota haka take. Ba haka take ba.

Sai ƙura. Lokacin hunturu matatar iska kan cika cikin ƴan makonni, ƙurar ta wuce ta manne a na'urar awon iska da ke bayan akwatin matatar. Nan za ka ji mota na shessheƙa, tana ƙara shan fetur. Kusoshi biyu ne ke riƙe da na'urar; a cire, a fesa mata maganin wanke ta, kar a goga mata tsumma. Juyen mai kowane kilomita 5,000, kusan lita 4 ke shiga, tare da sabuwar matatar mai. Da yawa daga cikin makanikai kan cire tamostat, abin da ke daidaita ɗumin inji, wai don zafin Afrilu. Kuskure ne: injin ba ya kai ɗumin da aka tsara masa, sai ya yi ta zuba fetur. A wanke lagireto, a tabbatar fanka na tashi, a daina zuba ruwan rijiya, don gishirinsa ke toshe bututu.

Fetur ɗin kwalba na bakin titi ya rage tashe tun da Najeriya ta janye tallafi a Mayun 2023, kuma alheri ne ga wannan mota. Famfon fetur ɗinta a cikin tanki yake, ƙasa-ƙasa da yawo da tanki fayau ke ƙona shi. Ga matatar man fetur ta SORAZ a hanyar Tanut tun 2011, a sha a gidan mai kawai.

Kayan gyara ba matsala, abin da aka rasa a gari ana kawo shi daga Ƙofar Ruwa a Kano. Amma cikinta kusa yake da ƙasa, tazarar ba ta wuce taƙi guda ba. Kan kwalta zuwa Maraɗi ko Mirriya, lafiya lau. Wanda harkarsa ƙauyukan rairayi ne a arewacin Tanut, ya tara kuɗinsa ya nemi Hilux.