Hattara da masu tallar "warakar tayirod cikin kwana 40"

Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan, domin abin ya shafi yayata, ita kuwa ba mai son a yi ta yawo da zancenta ba ce. Da na nemi izininta sai ta ce, "Rubuta mana, ƙanwata, ko mutum ɗaya ya tsira ai an ci riba." To ga shi, ba suna, ba hoto.

Shekara huɗu ke nan da aka gano tayirod ɗinta ya yi rauni. Ga wanda bai sani ba, tayirod wani ɗan nama ne a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, mai siffar malam-buɗe-littafi, shi ne wanda in ya kumbura ake kira maƙoƙo. Aikinsa fitar da sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke saita saurin aikin jiki. In suka yi ƙaranci komai sai ya yi sanyi: kasala, jin ɗari ana tsakiyar zafi, ƙiba ba dalili, bushewar fata, zubewar gashi, taurin bayan gida, mantuwa, rikicewar al'ada. Nata irin wanda ake kira Hashimoto ne, sunan likitan Japan da ya fara bayyana cutar a 1912, inda garkuwar jiki ke juyowa ta riƙa cin tayirod ɗin a hankali. Likita ya ɗora ta a kan lebotairoksin, ƙwayar da ake rubutawa levothyroxine a jikin kwali, ya ce mata kullum ne, kuma mai yiwuwa har ƙarshen rayuwa.

Wannan kalma ta "har ƙarshen rayuwa" ita ce ƙofar da 'yan damfara ke shigowa ta cikinta. Ga shi kuma Yaya tana shan maganin amma gajiyar ba ta sake ta gaba ɗaya ba. Tana cikin wannan hali ta ci karo da bidiyon wata mata sanye da farar riga irin ta likitoci, tana kiran kanta Dakta, tana lissafo alamomin cutar ɗaya bayan ɗaya kamar a cikin gidan Yaya take kwana. Ƙarƙashin bidiyon ga shaidu rututu, wannan ta ce ta yar da ƙwayar asibiti, waccan ta ce ta samu ciki bayan shekara bakwai. Yaya ta tura saƙo, nan take aka amsa, aka koma hira ta sirri. Matar nan akwai romon baka. "'Yar'uwata, ba ciwo ne da ke ba, datti ne ya toshe miki wuya. Asibiti ba sa son ki warke, so suke ki zama baiwar ƙwaya." Ba ta tambayi sakamakon gwajin jini ba, ba ta tambayi ko akwai ciwon zuciya ko juna biyu ba. Abin da ta tambaya shi ne yaushe za a turo kuɗi.

Aka aiko da kwalabe uku: kafso marasa rubutu, wani ruwa da ake ɗigawa a baki wai na ciyawar teku, da wasu ƙwayoyi "na gyaran gashi". Babu jerin abin da ke ciki, babu lambar rajista, babu ranar lalacewa. Sharaɗi guda: a ajiye ƙwayar asibiti daga ranar farko, wai ba sa haɗuwa.

A nan nake so a tsaya a fahimci dabarar, domin ba sihiri ba ne, lissafi ne, kuma masu yin ta sun san lissafin. Lebotairoksin ba ya barin jiki da wuri. Sai an yi kusan kwana 7 kafin rabin abin da ke cikin jini ya ƙare, bayan wasu kwana 7 rabin sauran ya tafi, haka dai a hankali. Ke nan duk wanda ya daina sha yau, zai iya yin mako biyu ko uku yana jin garau, da ragowar maganin asibitin da ke jikinsa. A daidai wannan lokacin ne mai tallar za ta kira ta ce, "Kin gani ko? Kwana nawa ba ki sha ba, me ya same ki?" Ta ci da gumin ƙwayar da ta zaga.

Yaya ma ba garau kaɗai ta ji ba, wani irin kuzari ya zo mata wanda ta manta da irinsa. Ta kira ni tana murna, ni ma na taya ta, Allah ya gani, har na fara tunanin ko mu ne muka cika taurin kai. Daga baya likita ya ce irin wannan kuzari na farat ɗaya, da abin da ya biyo bayansa, alama ce ta an cusa sinadarin tayirod a cikin kafson ba a faɗa ba. Kuma wannan ba sabon abu ba ne. A 2013 mujallar likitoci mai suna Thyroid ta wallafa binciken da aka yi a kan magunguna 10 da ake sayarwa ba da takardar likita ba da sunan "taimakon tayirod". An samu T3 a cikin 9, an samu T4 a cikin 5. T3 shi ne mai saurin aiki, cikin sa'o'i yake tashi a jini, shi ya sa likitoci ke taka-tsantsan da shi. Mai cewa ki guji "sinadarin Bature" sai ga shi shi ɗin take ba ki, ba awo, ba lissafi.

A mako na huɗu matar da kanta ta ce Yaya ta je ta yi gwajin TSH. Wannan ya ƙara mata daraja a idonmu, muka ce maƙaryaci ai ba ya tura mutum gwaji. TSH saƙo ne da wani ɗan nama a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke aikawa tayirod cewa ya ƙara himma. In tayirod ya gaza, TSH ya hau. A yawancin ɗakunan gwaji ana ɗaukar tsakanin 0.4 zuwa 4 a matsayin daidai. Sakamakon Yaya ya fito ƙasa sosai. T3 na ɓoye kaɗai ya isa ya danne shi haka. Sannan waɗancan ƙwayoyi na gashi, da muka ɓare takardar da aka manna a kwalbar, sai ga asalin rubutun a ƙasa: biyotin ne, wani nau'in bitamin, mai yawan gaske. Biyotin da yawa yana rikita wasu na'urorin gwaji, ya sa TSH ya fito ƙasa da gaskiyarsa, T4 kuma sama. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan yadda yake ɓata sakamakon gwaje-gwaje tun 2017, shi ya sa ake cewa a dakatar da shi aƙalla kwana biyu kafin a ɗebi jini. Matar ta karɓi hoton takardar, ta rufe sunan, ta ɗora a shafinta a matsayin sabuwar shaida.

Daga nan abubuwa suka fara lalacewa. Faɗuwar gaba, rawar hannu, zufa, rashin barci. Amsar Dakta ita ce datti ne ke fita, a daure, a sayi "mataki na biyu", wanda ya fi na farko tsada. Aka saya. Kafson wannan karon kamar gari aka ɗura a ciki, domin kuzarin ya ɗauke ɗif. Cikin 'yan makonni fuskar Yaya ta kumbura, muryarta ta dushe, tana zaune sai barci, magana ma sai ta yi ta laluben kalma. Ruwan ciyawar tekun nan ma ba taimako ya yi ba: aidin ne fal a cikinsa, sinadarin nan da ake ƙara wa gishiri, babban mutum kuwa maikirogiram 150 yake buƙata a rana (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma ga mai Hashimoto yawan aidin na iya ƙara durƙusar da tayirod ɗin. Ranar da na je na tarar da ita a ƙudundune cikin bargo rana tsaka, ban nemi shawarar kowa ba. "Yaya, tashi mu tafi asibiti." TSH ɗinta ya wuce inda yake ranar da aka fara gano ciwon. Likita ya ce in aka bar irin wannan ya yi nisa, yana iya kaiwa ga doguwar suma mai kisa, musamman ga tsofaffi ko in wata cuta ta haɗu da shi. Lambar Dakta kuwa tun daga ranar ta daina shiga.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, gajiyar da ta kai Yaya hannun matar nan tana da dalili mai sauƙi. Da likita ya zauna da ita ya tambayi yadda take shan maganin, sai ga shi duk safiya tana haɗa shi da ƙwayar ƙarin jini ta kora da kofi. Sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin ƙarin jini, da kalsiyam, da wasu magungunan gyambon ciki, suna hana hanji tsotse lebotairoksin. Ana so a raba su da kamar awa 4. Shi kuma a sha shi da ruwa zalla, ciki ba komai, minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo. Shekaru tana sha, jikinta yana samun wani kaso kawai. Ba wanda ya taɓa tambayar ta, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. A nan ina ganin masu duba marasa lafiya ma da nasu laifin. In aka sallami mutum cikin minti biyu, zai je wurin mai sauraronsa awa guda, ko da kura ce da fatar akuya.

Samun maganin da ya dace a wannan ciwo aikin haƙuri ne, kuma jini ne alƙali. Awon da maikirogiram ake yin sa, 25, 50, 75, 100, kuma ɗan bambanci kaɗan yana tasiri. Ga babban mutum mai lafiyar zuciya ana kimanta kusan maikirogiram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin jiki, tsofaffi da masu ciwon zuciya kuwa daga ƙasa ake fara musu a riƙa hawa sannu. Duk lokacin da aka canza awo sai an jira mako 6 zuwa 8 kafin a sake gwaji, domin kafin nan jiki bai gama daidaituwa ba. In maganin ya yi yawa yana jawo rikicewar bugun zuciya da zaizayewar ƙashi, shi ya sa ba a shan sa don rage ƙiba. Mai juna biyu buƙatarta ƙaruwa take yi tun farkon ciki, kuma jaririn da sinadarin uwa yake dogara a watannin farko don ginin ƙwaƙwalwarsa. Duk mai ce wa mace mai ciki ta ajiye ƙwayar nan, rai biyu yake wasa da su. Hatta canza kamfanin maganin ana so a biyo shi da gwaji. A Faransa, a 2017, an sauya wasu abubuwan da ake haɗa ƙwayar da su kawai, ba ainihin maganin ba, marasa lafiya da yawa suka yi ta ƙorafi.

Akwai waɗanda TSH ɗinsu ya daidaita amma ba su ji daidai ba, wannan gaskiya ne. Irinsu ana duba musu ƙarancin jini, ƙarancin bitamin B12, matsalar barci, damuwa, wani lokaci kuma ƙwararren likita ya gwada ƙara T3 kaɗan yana bibiya. Shi kuwa busasshen tayirod na dabba da ake tallatawa da sunan "na halitta", ba sabon ilimi ba ne. Da allurar ruwan tayirod na tumaki wani likita mai suna George Murray ya fara yi wa wata mata magani a Ingila a 1891, na yau kuma galibi na alade ne, abin da masu talla ba sa faɗa. T3 ɗin da ke cikinsa ya fi na jikin ɗan Adam yawa in aka kwatanta da T4. Su kuma shaidun warkewa, ko da na gaske ne a cikinsu, a tuna akwai raunin tayirod da ke zuwa bayan haihuwa wanda sau da yawa yakan tafi da kansa cikin watanni. Mai tallar sai ta ce ita ta yi.

In kun riga kun faɗa hannunsu, kada ku zubar da kwalaben, ku tafi da su wurin likita, ku faɗi ranar da kuka daina shan na asibiti ba ɓoye-ɓoye. Kada wanda ya daɗe da dainawa ya koma kan tsohon awonsa da kansa, musamman mai ciwon zuciya. Ku adana hotunan hirar da shaidar biyan kuɗi, ku kai ƙara hukumar kula da magunguna ta ƙasarku, ku kuma kai rahoton shafin. Mu mun yi, an rufe shi.

Yaya ta ɗauki wata biyar da gwaji uku kafin awonta ya zauna. Kumburin ya saɓe, muryar ta dawo, ƙwayar ƙarin jinin ta koma da rana. Makon jiya wata ƙawata ta turo mini bidiyo tana tambaya ko na san wannan likitar. Matar ce dai, da farar rigarta, da sabon suna, yanzu har ciwon suga take warkarwa. Na duba shaidun da ke ƙasa, na uku a jerin takardar gwajin Yaya ce.