Ƴar na'urar ELM327 da na gwada kafin ranar hawa dyno

Wata uku ke nan da na sayi wannan ƴar na'ura mai karanto bayanan kwamfutar mota ta turo su waya, jika takwas, wajen wani mai kayan mota kusa da kasuwar Dole. Girmanta bai wuce kwalin ashana ba. Dalilin sayen kuwa, mu masu son mota na nan Damagaram mun tsai da ranar da za mu kai motocinmu wani gareji mai dyno, inda ake ɗora tayoyi bisa gangunan ƙarfe, a ɗaure motar tamau, a taka wuta, na'ura ta auna ƙarfin motar, wato dawaki nawa ke isa ƙasa. Tawa Golf 4 ce ta 2002, injin 1.8 mai turbo, doki 150 yadda ta fito. Na canja mata salansa, na sa matatar iska irin wadda ake shafa wa mai, an kuma taɓa kwamfutarta. Tsorona ɗaya ne: injin da fetur ke yi wa kaɗan, in aka matsa shi har juyi 6,500 a minti, fistan na iya narkewa.

Haɗa ta ba wuya. A ƙarƙashin sitiyari akwai kafa mai haƙora 16, wadda ake kira OBD2. Amurka ta wajabta ta tun 1996, Turai kuma tun 2001 ga motoci masu shan fetur. Ka cusa na'urar, ka kunna Bluetooth, ka buɗe manhajar Torque a waya, shi ke nan.

Ranar farko ta fito min da lamba P0171, ma'ana iska ta rinjayi mai. Wallahi gabana ya faɗi, don a kunnena motar lafiya lau take. Na duba gyaran da kwamfuta ke yi wa awon mai, sai na ga tana ƙara kashi 17 cikin 100, alhali duk abin da ya haura 10 alamar ciwo ce. Da farko na zargi fetur, don na sha ɗaukar na ruwa-ruwa a bakin titi. Na koma gidan mai na cika tanki, lambar ta dawo. Sai na kai wa makanikena, dattijo ne a Sabon Gari. Ya kwance na'urar awon iska da ke bayan matatar iska, ya ɗaga ta sama ya ce, "Yaro, zo ka gani." Na leƙa, ga wani baƙin danƙo ya lulluɓe ƴar fuskarta, man matatar ne ya gauraya da ƙurar hunturu. Na ce, "Baba, wannan ɗan abin ne duka?" Ya ce ai ita ke gaya wa kwamfuta yawan iskar da ta shiga, in ta rage lissafi, mai ma sai ya ragu. Ya wanke ta da maganin feshi, ya kuma gano wani tiyo da zafi ya tsattsaga. Bayan kwana biyu gyaran ya sauko zuwa kashi 3. Wannan kaɗai ya fanshe kuɗina ninki ba ninki.

Ta kuma nuna min zafin iskar da injin ke shaƙa. Da rana tsaka, bayan na ja ta sau biyu a hanyar Mirriya, ya kai digiri 62. Iska mai zafi ba ta da nauyi, ƙarfi sai ya zube. Shi ya sa na roƙi a ba ni layin sassafe.

Inda ba ta gamsar da ni ba shi ne lissafin dawaki. Manhajar ta ce doki 205 nake da su, ina ta murna. Ranar gwaji aka ɗaure motar, aka kafa mata babbar fanka a gaba, aka ja ta a giya ta 4 sau uku, mafi kyau ya tsaya a 168 a taya. Wani ɓangaren bambancin sananne ne, giya da tayoyi suna cin wajen kashi 10 zuwa 15 kafin ƙarfin injin ya kai ƙasa. Amma ita manhajar kintace take yi daga nauyin da ka rubuta mata da saurin da ta gani, ɗan gangare ko iskar baya sai ta ƙara maka dawakin da ba naka ba. Ga jinkiri kuma: motoci irin tawa tsohon layin sadarwa gare su, in ka buɗe awo shida a lokaci guda lambobin sai su riƙa zuwa da ɗingishi. Biyu ko uku sun isa.

Yawancin na kasuwa kwaikwayo ne, don haka ka gwada a motarka kafin ka biya; ta wani abokinmu ta ƙi magana da tasa sam. Kuma in ka ajiye mota ka zare ta, don kafar nan tana da wuta ko da makulli na aljihunka, in motar ta daɗe a tsaye za ta tsotse maka batir.