Gargaɗi ga masu Hilux da Land Cruiser a Kano: hattara da mai kwamfutar da ke "ganin" mutuwar okzilari

Assalamu alaikum jama'a. Abin da ya same ni a damunar bana ne ya sa na ɗauki waya, domin wanda ya yi min har yanzu yana cikin gari yana cin karensa babu babbaka.

Ina da Hilux ƙirar 2012 mai giyar hannu, da ita nake zuwa gona can gaba da Tudun Wada. Wanda ya san hanyoyin ƙauyukan nan a watan Agusta ya san dole a sa fo-wil, ga laka ga ruwa, wani wurin har rabin taya. Sai motar ta tsiro da wani hali. In na ɗaga ƙafa daga totur ko na sake takawa, sai in ji "gam" daga ƙarƙashi. In maleji ya kai wajen 80 a titin Zariya kuma, kujera ta ɗauki karkarwa har cikin bayana. Bakanikena na asali ya koma garinsu, ni kuwa ga taki yana jiran a kai shi gona.

A Facebook na ga saurayin, cikin kayan aiki fes, riƙe da kwamfutar gwajin mota, yana cewa su ba sa aikin canki-canka. Na je. Ya jona ta ƙarƙashin sitiyari, wasu lambobi suka fito, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, okzilari ya tafi." Okzilari shi ne ƙaramin akwatin nan da ke bayan giyabos, mai raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Na ce ta yaya ya sani? Ya ce in je in yi sallar la'asar, zai sa yaro ya zubo man in gani da idona. Da na dawo aka miƙo min kwano, baƙin mai, a ƙasansa ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli. Nan jikina ya yi sanyi. Muka daidaita a kan naira 900,000 zai kawo na Beljiyam, na tura 600,000 kafin alƙalami, ragowar ranar ɗauka. Rasit ma ban nema ba, wannan kam wautata ce.

Bayan kwana 4 na ɗauki mota. "Gam" ɗin ya ɓace, amma karkarwar tana nan, ta ma ƙaru. Na kira shi, ya ce sabon kaya ne, sai ya zauna. Da na tambayi tsohon da aka cire, wai yara sun haɗa da gwangwan.

Wani abokina direban kamfani ne ya kai ni wurin wani dattijo a Kwakwachi, wanda tun zamanin Land Rover yake kwanciya ƙarƙashin motocin daji. Baba bai taɓa ko sufana ba sai da ya sa na tuƙa shi muka zaga, ya ce in taka, in saki, in juya sitiyari har ƙarshe. Da muka hau rami ya haska tocila ya ce, "Alhaji, zo ka gaida okzilarinka." Akwai wani tabo da dutse ya yi masa tun da daɗewa a hanyar gona, na san shi kamar tafin hannuna. Ga shi nan ƙarƙashin sabon fenti ruwan azurfa. Wanke shi kawai aka yi aka fesa. Abin da aka canza da gaske kuros ne guda ɗaya, wato mahaɗin farfela, doguwar sandar nan mai juyawa a ƙarƙashin mota da ke kai ƙarfi ga ƙafafu, wanda da kuɗin aiki duka bai kai naira 50,000 ba. Karkarwar kuma, zare farfelar suka yi suka mayar ba tare da sun sa alama ba, bakunan biyu suka saɓa layi. Baba ya kwance ya daidaita, shi ke nan ta yi tsit.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne bayanin da ya yi min a kan kwamfutar. Tana karanta abin da na'urorin lantarki na inji da birki suka kai mata rahoto ne kawai. A irin tawa mai sandar fo-wil ta hannu, okzilari ƙarfe ne da mai, kwamfuta ba ta jin kukan boris, ba ta ganin kuros ya ci. Ɓarɓashin kwanon kuwa, ya ce akwatin da ya zubar da wannan ba zai kawo ni Kano daga Tudun Wada shiru ba, da kuwwa zai shigo gari. Na wurin mai walda ne ko mai gurinda.

Ga kaɗan daga abin da na tsinta a bakinsa, ko zai amfani wani. "Gam" lokacin taka totur ko sakinsa, kuros ake fara dubawa: a sa waigi a taya, a cire giya, a kama farfela da hannu a murɗa, in akwai wasa ko jar ƙura kamar tsatsa a bakin kofunan, shi ne. Akwai wurin bugun giris a jikinsa da yawancinmu ba mu taɓa sa an buga ba. Ƙas-ƙas-ƙas in ana kwana, shaf ɗin gaba ne, galibi robarsa ce ta yage yashi ya shiga. Kukan da ke sauyawa in ka karkata hagu ko dama, boris ɗin ƙafa. Wanda ke tashi in ka taka ya lafa in ka saki, a leƙa bak-aksul, ƙullin da ke tsakanin ƙafafun baya. Man da ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ne ya shiga bayan tsallake rafi, canza shi ake yi da wuri. Ƙura mai laushi a jikin maganaɗisun murfin zubar da man bak-aksul ba komai ba ce, gutsattsarin ƙarfe ne abin tsoro. Sannan Hilux ba ta son 4H, wato fo-wil, a kan busasshiyar kwalta, domin ba ta da abin da ke sassauta tsakanin gaba da baya irin na Prado. In ka manta da shi za ka ji sitiyari ya yi tauri, taya na ƙugi a kwana, kuma da wannan ma ana tsorata mutane a ce giya ta mutu. Haka in tayoyi ba girmansu ɗaya ba.

Ni dai yanzu ba a zubar min da mai sai ina tsaye, a kwanon da na ga cikinsa. Duk abin da za a kwance sai na karce shi da ƙusa na ɗauki hoto. Kaya kuwa tare muke shiga Ƙofar Ruwa da bakanike, in biya da hannuna, tsohon kuma a sa min a bayan mota. Bakaniken da ya yanke hukunci bai shiga motar an zaga da shi ba, ko ya ce ka je ka dawo kafin ya nuna maka shaida, ɗauki makullinka. In kana neman na kirki, tambayi direbobin da ke shiga daji kullum, su suka san wanda aikinsa ke kai su ya dawo da su.

Na kai maganar gaban shugabannin kanikawan yankin da yake, da hoton tabon da shaidar tura kuɗi. Bai yi musu ba, ya ce sharrin shaiɗan ne. Ya dawo da 350,000, ya yi alkawarin ragowar bayan wata. Satin da ya wuce na bi ta wurin, rumfar a rufe, shafin nasa kuma ya sauya suna, amma fuskar ce, kwamfutar ce, da maganar nan ta canki-canka.