Hannunsu da kyau, amma sun jefar da naman: sharhi kan tiyatar bakin tsohuwar kyanwa

Asibitin dabbobin nan da masu karnuka da maguna ke tururuwa a kansa, wanda kuka san kuɗinsa ba na wasa ba ne, zan fara ba shi haƙƙinsa: wajen sa wa tsohuwar kyanwa barci ba su da na biyu a garin nan. Da aikin ya tsaya a nan, da yabo ne zalla. Kwalba guda ta adana naman gwaji da ba su ɗauko ba ita ta jawo aka sa wa dabba mai raunin ƙoda barci sau biyu cikin mako biyar.

Kyanwar shekararta 15, nauyinta kilo 3.4. Wani tsiro ja jawur, kamar ƙwayar wake, ya fito mata a dasashi ta wajen kunci, daidai gindin haƙorin turmi na ƙarshe a muƙamuƙin ƙasa na hagu. Da an taɓa shi sai jini. Tana dalalar miyau, tana karkata kai dama in za ta tauna, bakin na wari, ta daina lasar jikinta har gashin bayanta ya cukurkuɗe.

Ba su yi gaggawar yanka ba. Sun ɗebi jini, kiriyatinin, sinadarin da ke nuna yadda ƙoda ke aiki, ya nuna 2.1, wato mataki na biyu na ciwon ƙoda, wanda ke tsakanin 1.6 da 2.8. Fitsarin ya tsinke, kaurinsa bai kai 1.035 ba. Sun auna sinadarin tayirod, domin yawansa na addabar tsofaffin maguna yana gajiyar da zuciya, sun auna hawan jini, sun lalubi kaluluwa a ƙarƙashin haɓa, sun ɗauki hoton ƙirji. Abinci awa shida kawai suka ce a hana ta, ruwa kuwa ta sha har safiyar ranar. Wannan daidai ne, mai ciwon ƙoda ba a kwanar da ita da ƙishirwa.

Abin da aka saba a wurare da yawa shi ne a haɗa magungunan barci zailazin da ketamin a caka a cinya, a yi aiki da sauri kafin dabba ta farka. Ga irin wannan kyanwa caca ce. Ketamin a jikin kyanwa ta ƙoda yake fita kusan yadda ya shiga, in ƙodar ta gaza sai barcin ya ƙi ƙarewa, zailazin kuma yana rage bugun zuciya da jinin da ke isa ƙodar. Su kuwa jijiya suka nema a hannu, suka sa ƙarin ruwa mil 3 ga kowane kilo a awa, kusan mil 10 ke nan. Suka zura bututu a maƙogwaro suka riƙe ta da iskar aisofuluren, suka toshe bayan maƙoshi da bandeji don kada jini da ruwan wanki su gangara huhu, suka kashe jijiyar muƙamuƙin da allura don a rage yawan iskar barcin. An jera mata gorunan ruwan ɗumi naɗe da tawul, saboda kyanwa mai lafiya zafin jikinta 38 ne zuwa 39, tsohuwa marar kitse kuwa nan da nan take yin sanyi a kan tebur. Har abin buɗe baki sun kula: murfin allura suka yanke gajere suka sa tsakanin fiƙoƙi. Ƙarfen nan mai sifirin da ke wangale baki yana matse jijiyar da ke kai jini ido da ƙwaƙwalwa, akwai magunan da suka farka a makance ta dalilinsa. Wanda ya san wannan ba ɗan koyo ba ne.

Shi ya sa abin da ya biyo baya ya fi ciwo. Haƙorin da tsiron ke jikinsa, wanda suke kira lamba 309, ya riga ya zaizaye daga wuya, irin cutar nan da jikin kyanwa ke cinye haƙorinta da kansa. Suka raba shi biyu, suka fitar da saiwoyinsa biyu cif, suka yanke tsiron, suka ɗinke da zaren da ke narkewa. Aiki tsaf. Da aka tambayi ƙaramin likitan ina naman da za a kai gwaji, sai ya ce: "Ai Hajiya nama ne kawai, mun share shi." An ce, "Likita, sharewa ina?" Ya nuna kwandon shara.

Nama ne kawai! A bakin kyanwa mai shekara 15 babu wani abu da ake kira nama kawai. Aƙalla abubuwa uku ne ke fitowa da kama ɗaya, ja, mai gyambo, mai zubar jini, kuma ido ba ya raba su ko na wane ne. Na farko kansar fatar cikin baki, ita ce kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na mugun ƙari a bakin maguna. Ta fi son ƙarƙashin harshe da dasashi, tana cin ƙashi, tana girgiza haƙori har a zaci ciwon haƙori ne, a cire, ramin ya ƙi warkewa. Waɗanda ke kai shekara guda bayan an gano ta ba su kai ɗaya cikin goma ba. Na biyu tsiron da ke zuwa da borin jini, sau da yawa saboda cizon ƙuma ko wani abinci, wanda maganin rage kumburi da kashe ƙuma ke kwantar da shi ba tare da wuƙa ba. Na uku tsiron da gugar haƙori ke haifarwa, wanda ba kansa ba ne ko kaɗan. Kowannensu da hukuncinsa. In kansa ce a muƙamuƙin ƙasa, magana ta koma ko a yanke ɓangaren ƙashin a sa bututun ciyarwa ta wuya na makonni, ko a haƙura a riƙa kashe mata zafi har lokacin da za a sallame ta cikin sauƙi. In na uku ne, aikin rabin awa ne. Mai kyanwa ba zai iya zaɓa ba sai ya san wanne ne, kuma amsar tana cikin wannan ɗan naman da aka haɗa da auduga mai jini.

Abin haushin, adana shi ba wuya. Kwalba mai faɗin baki, ruwan fomalin da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10, yawansa ya ninka girman naman sau goma. A yanko da wuƙa har da gindinsa da ɗan lafiyayyen gefe, domin saman gyambo kumburi ne kawai ake gani, kansar na can ƙasa. Kada a ƙona shi da na'urar tsayar da jini, kada a matse shi da hantsaki, kada a sa a firiza, ƙanƙara na farfasa ƙwayoyin. A rubuta wurin da aka yanko da girmansa da shekarun dabbar. Jami'o'in da ke koyar da likitancin dabbobi, irin su ABU Zariya da Usmanu Danfodiyo Sakkwato da ta Maiduguri, duk suna da sashen nazarin cututtuka da ke duba irin wannan a madubin likita. Naman da ke cikin fomalin ba ya lalacewa a hanya, direban tasha ma zai kai shi. Asibitin da ke da injin aisofuluren a ce ba shi da fomalin a kan tebur, wannan sakaci ne, ba rashi ba.

Mako uku ba su cika ba tsiron ya dawo, a daidai inda yake, ya ma fi na da girma tunda yanzu babu haƙorin da ke tare shi. Duk wanda ya san kansar baki ya san haka take yi, ta dawo da wuri bayan an taɓa ta. Kwana biyu kyanwar ba ta ci abin kirki ba, kuma kyanwa in ta wuce kwana biyu zuwa uku ba ci, kitse na taruwa a hantarta, wata sabuwar cuta ke nan. Ga ƙoda da ta riga ta sha barci ɗaya. Da sakamakon gwaji na hannu, da an san ko ya cancanci a sake kwantar da ita. Babu shi, dole a sake sa barci don kawai a samo abin da aka jefar.

A nan ne babbar likitar wurin ta karɓi aikin, kuma ita ta sa na sassauta. Ba ta fara da buɗe bakin ba, rufe shi ta yi. Ta ɗaga leɓen ta haɗa muƙamuƙan a hankali, sai ga tsinin babban haƙorin sama, lamba 208, ya sauka cak a tsakiyar tsiron kamar an auna. Haƙoran nan biyu, na sama da na ƙasa, almakashi ne da kyanwa ke yanka nama da shi. In dasashin ƙasa ya janye ko ƙashin wurin ya zaizaye, ko an cire na ƙasan, sai tsinin na sama ya riƙa sukar naman kunci duk lokacin da ta rufe baki. Naman ya kumbura, kumburin ya ƙara shiga hanyar haƙorin, haka abin ke ciyar da kansa. Ko sau goma aka yanke, muddin tsinin na nan zai dawo. Dubawar ba ta ɗauki minti ɗaya ba, kuma da an yi ta ranar farko, da an gama komai a barci guda.

Ta ba da zaɓi biyu: a dasashe tsinin a shafe shi da abin toshewa, ko a cire haƙorin gaba ɗaya. Dasashewa ta fi sauri, amma haƙorin kyanwa siriri ne, in an ci da yawa a taɓa jijiyarsa, in an ci kaɗan ya ci gaba da suka. Ga dabbar da ba a son barci na uku, cirewa ta fi. Shi ma ba wasa ba ne: saiwa uku gare shi, kuma ramin ido na dab da samansa, ƙarfen ɓamɓara in ya kufce yana iya kaiwa ga idon. Ta raba shi uku da injin, ta fitar da kowace saiwa daban ta jera a kan bandeji a ƙirga, ta yanke tsiron har gindi, ta sa a fomalin a gaban mai shi. Minti 40 aka gama. Kwana 12 sakamako ya dawo: tsiron guga ne, babu kansa. Alhamdu lillahi.

Sun yafe kuɗin hannu na aiki na biyu, an biya na barci da magani da gwaji. Na so in ce an yi sulhu, amma wurin sallama suka sake tayar min da mikin. Yaron da ke ba da magani ya miƙo kwalbar meloksikam, maganin zafi da kumburi, ta mako guda, bai buɗe fayil ba balle ya ga kiriyatinin. Wannan magani yana da amfaninsa, amma ba a miƙa shi haka kawai ga kyanwa mai ciwon ƙoda da ta tashi daga barci ba ta fara ci da sha sosai ba. Sai da aka koma wurin likitar ta canza zuwa bufurenofin, wani maganin zafin, wanda ake ɗigawa a gefen kunci ya shiga ta fatar baki. Kafson kilindamaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ma ba wanda ya ce a bi shi da ruwa, alhali in ya maƙale a maƙoshin kyanwa yana ƙona wurin har ya tsuke, mil 5 na ruwa a sirinji bayan kowane ɗaya ke hana haka. Kuma takardar sallamar ba ta ce uffan kan farasitamol ba. A garin da kowane gida ke da shi a kan firij, ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe cewa ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi, jininta ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura. Ibufurofen da dikulofenak ma haka.

Wani abin da suke ɓoyewa sai an tambaya: ba su da injin hoton haƙori, da babban injin ƙashi suke ɗauka. Yana nuna in muƙamuƙi ya ruɓe, amma saiwoyi na hawa kan juna a hoton, guntun da ya karye a ciki na iya ɓacewa. Kyanwa haƙora 30 gare ta, zaizayewar nan kuma ba ta cika tsayawa a ɗaya ba, don haka sauran ba a san halinsu a ƙarƙashin dasashi ba.

Jinyar gida ba su yi bayaninta ba sai da aka matsa. Abinci mai laushi na kwana 10 zuwa 14, a ɗumama shi kaɗan don ƙanshi ya tashi, kusan kalori 175 a rana ga mai wannan nauyi, a raba sau huɗu ko biyar. Dafaffiyar kaza da aka niƙa da romonta tana yi na 'yan kwanaki, amma ba gishiri, ba dunƙule, ba albasa ba tafarnuwa, waɗannan biyun na fasa jinin kyanwa. Busasshen kifi a ajiye shi, ƙayarsa na tsinka ɗinki, gishirinsa da sinadarin fosfaras ɗinsa na wahalar da ƙoda. Kada a ja leɓe ana leƙen ɗinkin kullum. Miyau mai ɗan jini a kwana biyun farko ba komai, amma jini mai ɗiga, ko kumburin ƙasan ido, ko ƙin ci na awa 24, a koma da ita.

Yanzu wata biyu ke nan wurin a shafe yake, tana ci da ɓangarorin biyu, nauyinta ya koma 3.6. Kiriyatinin dai ya tashi daga 2.1 zuwa 2.6 bayan barci na biyu kuma bai sauko ba. Likitar ta ce tsufa ma na iya yin haka, ni kuwa duk lokacin da na ga lambar, kwandon sharar nan nake tunawa. Za a sake ɗibar jini ƙarshen wata, a kuma rufe bakin a duba ɓangaren dama, domin tsinin babban haƙorin sama na dama, lamba 108, ya fara barin ɗan jan tabo a dasashin ƙasa.