Fenti ko berni? Amsa ga mai tsohon gado da kwaba

Hajiya, na ga tambayarki. Kin ce gadon katako da kwabar ɗakinki tun na aure ne, shekara 12 ke nan, sun dushe, kwabar ta fara kumbura daga gindi, kuma abin da kinka ware bai wuce jika 15 ba. Wasu sun ce fenti, wasu sun ce berni, kin rasa na ɗauka. Ni a ganina katakon ne zai raba gardamar, kuma da wuya gadon da kwabar su so abu guda.

Ki samu wuƙa ki kankare ɗan wuri inda ido bai kai, bayan ƙafar gado da cikin ƙofar kwaba. In kin tarar da jan katako mai nauyi, jijiyarshi ta fito sarai, wannan na berni ne. In farin katako ne marar nauyi da farce ke lotsawa, ko falle-fallen da anka manne hawa-hawa, ko allon nan na garin katako da anka matse da gam, wanda in ya sha ruwa yake tashi kamar burodi, to berni ba ya da abin da zai nuna a can. Kumburin kwabarki shi ya sa nake zargin irin na ƙarshen ne. Ruwan gugar ɗaki ke shiga ta ƙasa kullum, kaɗan-kaɗan.

Berni garai-garai yake, ba ya rufa wa katako asiri. Kyan jijiya zai fito, haka ma tabon ruwa, da ramin ƙusa, da duk inda samfefa ta tsallake. Shi ya sa wahalarshi ke da yawa. In tsohon bernin ya tsattsage yana ɓarewa, dole ki gurje shi har katako ya fito tsirara: ki fara da samfefa mai kaushi, lamba 80, ki koma 120, ki ƙare da mai laushi, 180 ko 220, kullum kina bin tsawon jijiya. In kinka gurza a gicciye, zanen ba ya ganuwa sai berni ya hau, sannan ya fito ɓaro-ɓaro. Gado mai sassaƙa a fuska, nan aikin yake, don lungunan sai da yatsa. In kuwa tsohon dushewa kawai ya yi bai fashe ba, kin huta: wanki, gurza sama-sama da 220, sai shafi. Shafin farko a kan katako tsirara a ɗan tsinka shi don ya shiga ciki, a bari ya kwana, a shafe shi da samfefa mai laushi, a ƙara na biyu, in da hali na uku. Lita guda kan rufe wajen murabba'in mita 10 a shafi ɗaya, saboda haka ta ishi gado. Wurin saye ki ce na buroshi kike so. Akwai wanda kafintoci ke fesawa da inji, cikin mintoci yake bushewa, in kinka sa mashi buroshi kafin ki ja hannu ya kama, sai layi-layi.

Abin da ya fi burge ni da berni shi ne gyaran gaba. Bayan shekaru in ya sake dushewa, gurza kaɗan da shafi guda sun wadatar, katakon na nan yadda yake.

Fenti kuwa rufewa yake, kuma ga kwaba irin taki abin da ake nema ke nan. Ba sai kin kai ga katako ba. Amma wanki wajibi ne, kuma nan mafi yawa ke faɗuwa. Ɗakin mace shekara 12, hayaƙin turaren wuta da maiƙon hannu sun yi wa kayan wani rufi da ido ba ya gani, kuma fenti ba ya kama maiƙo. Ki goge da tsumma mai ruwan omo, ki matse shi sosai kada allon ya ƙara shan ruwa, ki bari ya bushe, sannan ki kashe ƙyallin da samfefa 120. Ramuka da tsaga ki cike su da garin katako da anka kwaɓa da farin gam na kafinta. Garin a wurin kafinta za ki samu, sau da yawa ba sai kin biya ba. Inda allo ya fito tsirara, musamman bakin-bakin, sai ya sha fentin ƙasa tukuna, wato wanda ake fara shimfiɗawa kafin ainihin fentin, in ba haka ba zai yi ta zuƙe na sama yana barin dabbare-dabbare. Fentin mai za ki saya. Na ruwa da ake yi wa bango ba na kayan ɗaki ba ne, tsumma mai laima na iya ɗauke shi. Shafi biyu marasa kauri, kwana guda tsakani, sun fi guda mai kauri da zai yi ta zuba hawaye.

Fenti ma da nashi aibin. Wanda ya hau jan katako da wuya ya sauka, don yana shiga cikin jijiya, ranar da kinka so komawa berni sai kin yi gurzar da ta fi ta yau. In ya ɓantale tabon na nunawa, musamman mai haske a kan katako mai duhu. Farin fentin mai kuma yakan koma ruwan ƙwai a ɗakin da rana ba ta shiga. Sannan bushewa dabam, ƙarfi dabam: washegari zai bushe a hannu, amma sai ya yi mako kafin ki maida jeren kwanoni, in kin yi gaggawa gindinsu zai manne ya bar zobe. In akwai famika a saman kwabar, ki bar ta, ki manne inda ta ɗaga kawai. Ledar nan mai mannewa kuwa, ban ba ki shawararta ba, zafin bazara na sakin gam ɗinta daga gefe.

Gindin da ya riga ya kumbura, babu fenti ko bernin da zai maida shi. Kafinta ya yanke wurin ya sa sabon katako, ya yi mata ƴan ƙafafu ta tashi daga ƙasa ko da yatsa huɗu ne. In ni ce, nan zan fara sa kuɗin kafin in taɓa gwangwani. Ki kuma kwance gadon ki duba mahaɗai. In kin ga ƙasar gara, ko gari na zuba daga ƙananan huda, ko alamar kuɗin cizo, a yi maganinsu tukuna.

Sai lokaci, wanda a Maradi ya kusa fin zaɓen kanshi muhimmanci. In hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ba ta jiran a buɗe mata ƙofa, kuma duk ƙwayar da ta sauka a kan ɗanyen shafi ta zauna ke nan. Fenti na ɗan jurewa, berni mai ƙyalli kuwa kowace ƙwaya sai ta nuna. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, saman shafin ya bushe kafin ya kwanta, sawun buroshi ya tsaya. Da damina bushewa ke jinkiri, katako kuma ya sha laima ya cika, tsagar da kinka toshe a Agusta za ta iya sake buɗewa in iska ta bushe. Mafi kyau bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. In biki ya matsa dole sai yanzu, ki yi da sassafe, a inuwa, a rumfa ko ɗakin da iska ke ratsawa, ki yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta. Kada ki kai shi rana don ya yi saurin bushewa, ƙuraje zai yi. Kada a kwana cikin warin, kuma garwashi da murhu su yi nisa, don abin tsinka fentin na kama wuta.

Akwai abu guda da ba na so ki ɗauka da wasa. In tsohon rufin kayan fenti ne, musamman ja ko rawaya mai kauri, yana iya ƙunsar dalma, kuma gurza a bushe ita ke maida ta ƙurar da yara ke shaƙa ko su kai baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ƙanƙanin adadin dalma da anka san ba ya cutarwa. A 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Can daga niƙan dutsen zinariya ne, amma gubar ɗaya ce. Ki jiƙa samfefar ki gurza da laima, a waje, yara da mai ciki su kauce, ki kwashe dattin da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya.

Kuɗi kuwa, kaya da yawa daga Kano suke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, farashi na bin naira, don haka ki taya a shago biyu ko uku a babbar kasuwa kafin ki biya. Buroshi kada ki sayi na banza, gashinshi zai yi ta zuba cikin aikin. In gadon jan katako ne, berni gare shi, kwaba kuma fentin mai, ruwan ƙasa mai duhu da zai tafi da gadon. In jika 15 ɗin ba ta ɗauki duka ba bayan kuɗin kafinta, ki gama da kwabar bana, gadon ki wanke shi kawai ya jira kaka. Ki turo hoton inda kinka kankare, da rana za ki ɗauka ba da fitila ba, sai in gaya maki ko wane katako ne.