Gwajin halaye na VIA: yana da amfani, amma sai ka gaya masa gaskiya

A cikin tarin gwaje-gwajen sanin kai da suka cika intanet, na VIA (taƙaitawar "Values in Action" a Turanci, gwajin da ke auna kyawawan halayen mutum) yana cikin 'yan kaɗan da ke da bincike a bayansu. Tushensa aikin masana halayyar ɗan Adam biyu ne na Amurka, Christopher Peterson da Martin Seligman, waɗanda a 2004 suka kasa kyawawan halaye gida 24 a ƙarƙashin ginshiƙai shida: hikima, jarumta, tausayin jama'a, adalci, kamun kai da abin da ya shafi ruhi.

Yin sa ba wuya. Ka buɗe asusu da imel, sai a riƙa jero maka jimloli, kana zaɓar ɗaya daga amsoshi biyar, tun daga "haka nake sosai" har zuwa "sam ba haka nake ba". Na asali jimla 240 ne, goma ga kowane hali, daga baya aka fitar da gajeru masu 120 da 96. Gajeren ba ya cin fiye da kwata ɗin awa. Da ka gama za ka ga halayen 24 a jere daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, kyauta. Cikakken rahoto ne ake biya, kuma mai farawa ba ya buƙatarsa.

Abin yabo shi ne yana ba mutum kalmomin da zai bayyana kansa da su. Ma'aikacin da in an tambaye shi ƙarfinsa sai ya ce "ina da ƙoƙari", zai iya cewa yanzu juriya da son koyo ne a samansa, jagoranci kuwa yana can ƙasa. Wannan magana ce da za a iya gina aiki a kanta.

Rauninsa kuwa babba ne, kuma a nan ya kamata a tsaya. Kai ne mai shaida, kai ne alƙali. Kusan kowace jimla tana faɗin abu mai kyau, an kuma san amsar da za ta yi daɗi. A ce an rubuto maka cewa kana cika alkawari kullum. Yatsa ya riga ya nufi "sosai", alhali rahoton da ka ce za ka miƙa ranar Alhamis yana nan a kwamfuta, rabinsa ma ba a rubuta ba. Gwajin ba shi da hanyar ganin wannan. A mai jimla 96, huɗu kacal ke auna kowane hali, don haka ƙara wa amsa ɗaya mataki guda yana ɗaga makin halin da 0.25, abin da ya isa ya tsallakar da shi kan wasu da dama, domin makin na tsakiya kan yi kusa da juna.

Maganin shi ne kafin kowace amsa ka nemo misali ɗaya daga watan da ya wuce. In ka rasa, kada ka wuce amsar tsakiya. Kada kuma ka yi shi ranar da aka yabe ka ko ranar da aka yi maka faɗa a wurin aiki.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar na ƙasan jerin a matsayin aibi. Jerin yana gwada halayenka ne da junansu, ba da na wasu ba, dole ne wani ya zo na 24. Binciken masu gwajin a ƙasashe da yawa ya nuna kirki, adalci da gaskiya kan zo sama, yayin da kamun kai, taka tsantsan da tawali'u kan zo ƙasa ga yawancin mutane.

Bayan sakamako ya fito, rubuta halayen 24 a takarda ba tare da lamba ba, ka ba mutum uku da suka ga aikinka da idonsu, kowa ya zaɓi biyar ba tare da ya ga naka ba. Halin da ka sa a sama amma babu wanda ya ambata, shi za ka fara bincika.

Gwajin ba ya auna gwaninta, saboda haka bai dace a ɗauki ma'aikaci ko a ƙara masa girma da shi ba. Wanda ya san albashinsa na rataye da amsar ba zai amsa tsakani da Allah ba.