Tuffa a Legas: koriya, ruwan ɗorawa ko ja?

Duk wanda zai zuba kuɗinsa a kwalin tuffa a kasuwar Ketu ko ta Mile 12, na kasawa a baro ne ko na gida, tambayarsa ta farko ita ce kwana nawa za ta yi a zafin Legas bayan ta baro ɗakin sanyi. Maganar zaƙi daga baya ce.

A wannan fanni babu kamar koriyar nan, Granny Smith. Tsohon iri ce, tun 1868 ta ɓulla a gonar wata dattijuwa, Maria Ann Smith, kusa da birnin Sidni na Ostareliya, kuma har yau da aure ake yaɗa ta, wato a haɗa reshenta da jikin wani itacen tuffa, domin ƙwallon tuffa ba ya haifar irin uwarsa. Fatarta kauri, cikinta tauri, ga tsami, abin da ya sa take jure ɗauki-sauke da ɗauke wuta ke nan. A Afirka ta Kudu, inda akasarin tuffarmu ke fitowa, sai wajen Afrilu ake tsinkarta, bayan an gama da irin Gala da Golden Delicious, kuma irin da ke nuna a makare ya fi jure ajiya. Masu cewa ta cika tsami su ɗan bar ta, yana sauka.

Golden Delicious, mai ruwan ɗorawa, ita mutane suka fi nema, amma fatarta ba ƙwari: yatsa ya danna ta, gobe tabo. Jar nan mai sheƙi kyan ido ce kawai, da ta kwana biyu cikinta ya koma gari. Gala ta yara ce, a sayar da wuri. Fuji na jurewa, sai dai tsada.

Sai batun ha'inci, wanda ya taɓa cinye min uwar kuɗi. Kada ka yarda da kwalin da aka buɗe maka samansa kaɗai. A sauke har jerin ƙasa, don can ake ɓoye masu tabo. Kwalin na kimanin kilo 18 ne, lambar da ke jikinsa kuma adadin 'ya'yan ce, to ka ƙirga, ana cire manya a cusa ƙanana. Ka shinshina: warin tsami-tsami na nufin kayan sun yi zafi an sake mayar da su sanyi. Ka duba gindin tsinken, in ya yamutse ta tsufa. Sheƙi ba shaida ba ne, kakin da aka shafa ne.

Haka masu tallar dashen "tuffar Legas". Tuffa ta gaskiya tana bukatar sanyi mai tsawo kafin ta yi fure sosai, shi ya sa ake gwada ta a Jos da Mambila da iri masu haƙuri da zafi kamar Anna. Abin da ake miƙo maka a leda a bakin titi galibi bell apple ne, wani itace daban da ba ya cikin dangin tuffa.